Saƙar Dogo da Igiyar Sajo

Litinin, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Yau kwana goma sha ɗaya da abin da ya same ni a kara, kasuwar shanu.

Da hagu nake rubutun nan, tunda ɓarin dama ya shanye. Ni dama bahago aka haife ni, Malam Jamaluddeen na aji biyu ne ya raba ni da ita da bakin rula. Shekara arba'in da ɗoriya tana zaune ba ta da aiki sai tsarki, yau ga shi an dawo ana lallashinta.

Duk wanda ya tambaya, taifot ne. Haka na ce wa Asama'u, matata, ta riƙa faɗa. Ta dube ni ta ce, “Malam, taifot ɗin da ya bar ko'ina ya zauna a hannun dama?” Na ce ke dai faɗi abin da aka ce ki faɗa.

Shekara talatin da biyar ina dillancin shanu a karar Maigatari, kuma jarina biyu ne: baki da hannun dama. Mai shanu ya zo, ku gaisa, ya miƙa maka igiya a dama, yarda ke nan. In ciniki ya faɗa, ka kamo hannunsa ka haɗa da na mai saye, ka girgiza, ka sa albarka. Ba a taɓa miƙa wa hagu igiya ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Sajo, Bafulatanin da nake yi wa dillanci, zai zo da bijimai bakwai ranar Alhamis, 19 ga Disamba, lokacin da 'yan Kudu ke sayen shanun Kirsimeti. Mahaifinsa Manu shi ya fara ba ni igiya ina saurayi. Inda igiyar Sajo ta nufa, can Fulanin yankin Sule Tankarkar gaba ɗaya suke nufa. In ta bar ni, sai dai in zauna a kara ina kallon wutsiyoyi.

Bakin ya dawo. Saura ɗayan.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun je gashin ƙashi a asibiti. Malama Halimatussa'adiya mai gashin ta ba ni ƙwallon roba, wai in riƙa matsawa ina saki. Na matsa. Ƙwallon bai ma san an taɓa shi ba.

Asama'u na kan benci tana saƙar hular jarirai, sana'arta ce in sanyi ya kawo kai. Sai malamar ta tsaya tana kallon yatsunta, ta ce, “Hajiya, ki ɗora shi a kan wannan mana. Ya fi ƙwallon.”

Na ce, “Malama, ni fa bijimi nake kayarwa.”

Ta ce, “To Baba, ɗauki wannan allurar daga kan tebur ka ba ni.”

Ban ɗauka ba. Muka dawo gida a adaidaita.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

Tun da asuba nake jin motocin kasuwa suna wucewa ta titi. Na juya fuskata bango.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na sa an rufe ƙofar zaure tukuna.

Mayafin wuya za mu yi, irin wanda 'yan acaɓa ke naɗawa da sanyi. Asama'u ta ce shi ake fara koya wa kowa, don ba shi da hannu ba shi da wuya, tafiya ce kawai miƙe. Tsinke biyu, dunƙulen ulu ruwan toka. Ta ɗora min madaukai ashirin a kan tsinke ɗaya, ita ido take ce musu. Ka soka tsinken dama a cikin ido, ka zagayo da zare, ka jawo, ka zame tsohon. Shi ke nan wai. Ka ƙare layi, ka juya, ka sake.

A bakinta kamar shan ruwa. Ni babban yatsa da manuni ne kawai ke jin magana, su ma sai an yi musu tsawa. Sauran ukun sun kwanta kamar ba da su ake yi ba.

Da ido ashirin na shiga layin farko, da goma sha bakwai na fito. Na ce uku sun ɓalle daga garke. Ta ce, “Makiyayin ne ba shi da kirki.” Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ranar nan.

Layi biyu, gumi ya jiƙa min riga kamar na yi noma.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Layi uku. Na gaji.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Habibullah ya zo dubiya. Turkensa na maƙwabtaka da nawa a kara, shekara goma sha biyar muna shan fura a ƙwarya ɗaya, kowa na ƙirga baƙin ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

Da na ji sallamarsa sai na tura saƙar ƙarƙashin tabarma, na ce Asama'u ta miƙo kwanon tuwo da sauri. Na ɗauki hannun da hagu na tsoma shi cikin miya. Ya shigo ya miƙo hannu, na ba shi tsintsiyar hannu kamar yadda mai cin abinci ke yi. Ba wanda zai ce ka yi rashin ladabi.

“Dogo, ya jiki?”

“Da sauƙi, taifot ne.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Taifot ɗin bana ba shi da kyau.”

Na ce bismillah, ya ce alhamdulillahi. Ya yi rabin awa yana ba ni labarin kasuwa, hannuna na jiƙe a miyar kuka har ta huce. Loma ko ɗaya ban kai baki ba. Ban sani ba ko ya lura.

Ya lura mana. Mutumin da ke gane saniya mai ciki daga nesa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Motoci. Layi biyar. Ido goma sha tara, daga baya ashirin da biyu. Ban san inda ukun suka fito ba. Asama'u ta ce haihuwa suka yi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mayafin ya kai taƙi ɗaya. Na ɗaga shi a rana na duba kamar yadda zan duba hajar wani. Ramuka huɗu, gefe ɗaya ya kumbura, ɗayan ya tsuke. Da bijimi ne, ko mahauci sai ya yi tunani.

Na ce ta warware farkon a sake. Ta ƙi.

“Me ya sa?”

“Ka bar shi. Gobe in ka ce min ba ka samun sauƙi, da me zan ƙaryata ka?”

Na ce wa ya ce mata ina neman mai ƙaryata ni. Ta tashi ta tafi wajen murhu.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da azahar

Na gwada cin abinci da hannun. Lomar ta kai rabin hanya ta faɗo min a cinya. Asama'u ta yi kamar tana neman wani abu a kwando.

Ba na son rubuta komai yau.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan an sauko

Juma'a ta biyar ban je ba. Ba tafiyar ce ta gagare ni ba, ƙafar ta warware tun tuni. Gaisawar bayan sallama ce. Mutum ɗari za su miƙo hannu, kuma ba a zuwa masallaci da kwanon tuwo.

Ina jin huɗuba ta lasifika, ni kuma ina zaune a ɗaki da tsinke biyu kamar tsohuwa. Allah ya gani. Na yi azahar a gida. Layi shida.

Talata, 3 ga Disamba, da hantsi

Habibullah kuma. Wannan karon da hantsi ya zo, lokacin da ba mai cin tuwo. Ɗumame ne kawai a gidan, cikinsa na tsoma hannun.

Ya karɓi tsintsiyar hannun, ya riƙe ta ya ɗan jima. Ya ce, “Dogo, kai kuwa wannan taifot ɗin ya buɗe maka ciki. Kullum na zo kana cikin kwano.”

Na ce likita ne ya ce in riƙa ci.

Ya zauna. Wai ya je kasuwar Sule Tankarkar ya yi kiciɓis da Sajo, sun gaisa, ya ga bijiman ma, ma sha Allah. Kiciɓis. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa sai ya lissafa wanda zai gani a can.

Da zai tafi ya ce, “Ka kwantar da hankalinka. In jikin bai ba ka dama ba, igiyar Sajo ba za ta faɗi ƙasa ba. Muna nan.”

Na ce na gode. Bayan ya fita na ga zaren ulu ya leƙo daga ƙarƙashin tabarma, tsawon kamu guda, daidai inda ya ajiye ƙafarsa.

Alhamis, 5 ga Disamba, bayan magariba

Ruwan tokan ya ƙare. Shuɗi ta ƙulla min, ragowar rigar wani jariri.

Sajo ya bugo waya. Mu Mangawa da Fulani ba ma gaisawa sai da zagi.

“Bawana, an ce kana kwance. Ko gero ne ya ƙare a Gumel?”

“Ɗan Fulani, wa ya ba ka waya? Ka mayar wa mai ita.”

Ya yi dariya. Sannan ya ce, “Siddiq, lafiya dai ko?” Ba ya kiran sunana na yanka sai magana ta yi nauyi.

Na ce taifot ne, ya wuce.

Ya ce, “To.” Sannan ya ƙara da, “Sai sha tara ga wata.”

Wannan “to” ɗin ya hana ni sakat.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan la'asar

Na samo dabara. In mayafin ya yi tsawo, zan naɗa shi a wuya in sako gefe ɗaya ta kafaɗar dama ya rufe hannun. Sanyi ake yi, ba mai tambaya. In Sajo ya miƙo igiya, in karɓa a ƙarƙashin mayafi, in zagaya ta a tsintsiyar hannu da taimakon hagu. Wajen gaisawa in rungume shi, ai mun kwana biyu ba mu haɗu ba. Ramukan farkon kuma in ninke su ciki ta bayan wuya.

Ba yau na fara ba. Saniya mai ɗingishi a cikin yashi ake tsayar da ita. Mai hakiya a ido ɗaya, ka tsaya ta wannan ɓangaren kana zuba surutu. Ramamme ka ba shi kanwa ya sha ruwa ya cika. Ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, ni dai ban cika son a ga komai a rana ɗaya ba.

Na faɗa wa Asama'u ina jin daɗi. Ta ajiye saƙarta.

“Wato kanka za ka tsayar a cikin yashi.”

“Ke ba ki san kasuwa ba.”

“Ban san ta ba. Amma na san in bijimi ya fizga, igiya na ɗaure a hannunka, har Nijar zai kai ka.”

Na ce ta ƙara min ulu.

Laraba, 11 ga Disamba, bayan azahar

Ashirin na shiga da su, ashirin na fito da su. Layi goma sha ɗaya a jere ba wanda ya ɓalle.

Malama Halimatussa'adiya ta ba ni yatsunta biyu ta ce in matse. Ta ce, “Ka ga na tsakiya ya farka.” Na ce saura kwana takwas, zai riƙe bijimi? Ta ce, “Baba, ni ban san bijimi ba. Kofin shayi dai zai riƙe.”

Juma'a, 13 ga Disamba, da hantsi

Na gwada da akuyar Asama'u a tsakar gida. Na riƙe igiyar da dama, Asama'u ta kaɗa kwanon dusa daga bakin madafa.

Akuya. Ta zare igiyar daga hannuna, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na daɗe a tsaye ina kallon tafin hannuna inda igiyar ta bi. Ban je masallaci ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Ban taɓa mayafin ba.

Lahadi, 15 ga Disamba, bayan la'asar

Shuɗin ma ya ƙare. Abin da ya rage a kwandonta ruwan hoda ne, na hular 'ya mace. Na ce ta aika kasuwa. Ta ce mai ulun ya tafi Kano sai ƙarshen wata. Ban yarda ba, amma ba ni da ƙarfin musu.

Dillalin shanu, ɗan shekara hamsin da uku, da ruwan hoda. Na yi layi goma sha huɗu. Hannun ya fi tafiya in raina a ɓace yake.

Talata, 17 ga Disamba, da azahar

An gama. Ta nuna min yadda ake rufe baki, ido na haye ido har ya rage ɗaya, ka yanke zare ka zura. Ni na yi da kaina.

Ta shimfiɗa shi a kan gado. Ruwan tokan kamar ɓera ya yi kwana uku a ciki. Shuɗin da dama-dama. Ruwan hodan kuwa sumul, layi na bin layi, ko ita sai da ta shafa shi sau biyu.

Na gwada naɗin a gaban madubi. Yana rufe hannun tsaf.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan magariba

Ta goge min babbar riga.

Alhamis, 19 ga Disamba, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Na shiga motar farko. Kara na nan yadda na bar ta, kuka da ƙaho da warin kashi, 'yan Kudu da manyan jakunkunansu, mutanen Damagaram suna ta lissafi da sefa. Kowa “Dogo, ya jiki,” ni kuma ina ɗaga hagu daga nesa kamar ɗan takara, ina sauri.

Na hango Sajo a turkena da bijimansa. Habibullah na gefe, wai yana gyara igiyar wani maraƙi da ba abin da ya same ta.

Bijimin gaba ja ne, ƙahonsa kamar an buɗe hannu biyu. Ina isowa ya fizgi kai sau ɗaya, Sajo da ƙarfinsa sai da ya taka biyu. Na tuna akuya.

“Bawana!” in ji Sajo. Ya miƙo hannu.

Na yi niyyar rungumar. Wallahi na yi niyya, har na ɗaga kafaɗa. Sai na ga hannun nasa a miƙe, irin miƙewar na Manu ranar da ya ba ni igiyar farko, ni ko gemu ban yi ba. Ba kwano, ba miya. Ya ƙi saukewa.

Na sa hagu na warware mayafin daga wuyana. Na lalubo gefen ruwan tokan, mai ramukan, shi na fara ɗora masa a hannu.

“Mene ne wannan?”

“Buɗe bakin hajar ka duba haƙora. Ni na saƙa. Da wannan.” Na ɗaga masa hannun a gaban kowa, yatsu biyu na ƙarshe a lanƙwashe. “Ba taifot ba ne.”

Wani ya yi dariya a baya, an ce masa ya yi shiru.

Sajo bai dubi hannun ba. Mayafin ya bi da yatsa a hankali, kamar yadda yake bin bayan saniya. Ya zura yatsa a rami ɗaya ya leƙo ta ɗaya gefen.

“Wannan yaushe?”

“Sati biyar.”

Ya matsa zuwa shuɗin. “Wannan fa?”

“Sati biyu.”

Ya kai ruwan hodan, ya ja shi, ya sake ja, bai buɗe ba.

“Shekaranjiya,” na ce.

Ya ce, “Siddiq, ranar da ka faɗi a nan, kafin motar ta kai ka Gumel labari ya iso rugarmu. Duk karar nan wa bai sani ba? Ka ce taifot, muka ce Allah ya sawwaƙe. Ni abin da na taho gani, ko za ka tsayar min da kanka a cikin yashi.”

Ashe har yashin ya sani. Shekara nawa yana kallona ina yi wa mutane.

Ya juya ya kwance igiya ɗaya. Ba jan ba. Wani fari ne mai sanyin hali, wanda ko yaro zai ja. Ya sa min ita a tafin dama, ya naɗe yatsuna a kai da nasa hannun, har biyun da ba sa ji.

“Wannan naka. Shidan Habibullah zai riƙe yau.”

Yau, ya ce. Na ji kalmar, Habibullah ma ya ji ta.

Na riƙe farin tun hantsi har azahar. Sau biyu igiyar na zamewa ina taka ta da ƙafa. Wani mutumin Onica ya taya, na ce albarka, ya tafi, ya dawo, na gaya masa tarihin bijimin har kakarsa. Da ciniki ya faɗa na kamo hannun Sajo na haɗa da nasa. Girgizar ba ta yi ƙarfi ba. An dai sa albarka.

Shida na kallo suna tafiya a hannun wani. Ba zan ce bai yi ciwo ba.

Mayafin kuwa Sajo bai dawo min da shi ba. Ya naɗa a wuyansa, ruwan hodan a gaba, a tsakiyar kara. Na ce, “Ɗan Fulani, na 'yan mata ne fa.” Ya ce, “Bawa ba ya zaɓa wa ubangidansa launi.” Zai dawo da wasu shanun kafin azumi. Wai in zo masa da wani sabo, ya ga inda aka kwana.

Na gaji ƙwarai. Hannun na zogi har kafaɗa.

Juma'a, 20 ga Disamba, bayan an sauko

Na je masallaci. Na gaisa da duk wanda ya miƙo. Wasu sun riƙe hannun sun daɗe, wasu sun yi sauri sun saki. Ba wanda ya ambaci taifot.

Na dawo na tarar Asama'u ta ajiye tsinke biyu a kan tabarmata, da sabon dunƙule ruwan toka. Ashe mai ulun bai je Kano ba.

Ta zo za ta ɗora min idon farko, na ce ta bari.

Ashirin. Sau uku ina ƙirgawa.